Kiɗan Baba a Gogen Turawa

Duk wanda ya ce muku akwai Bakano na biyu da ya taɓa tsayawa a Dubai ya goga gogen Turawa har jama'a suka miƙe tsaye, ku ce ya zo ya same ni. Ni kaɗai ne. Na faɗi wannan magana a gidan biki, na faɗe ta a gidan suna, na faɗa wa wani bawan Allah a cikin jirgi alhali bai tambaye ni ba, kuma duk sanda na faɗe ta sai zauren ya ƙara faɗi. Ke Sadiya, a gabanki na ce mutum dubu ne. Kai Abba, kai na gaya wa har da 'yan jarida. To ku gyara zama. Zauren nan ɗaki ne a saman shagon wani tela a Bur Dubai, da kujerun roba farare irin na haya. Mutum biyu ne suka miƙe. Ɗaya ta ɗauki ɗanta za ta kai shi banɗaki, ɗayan kuma abokina Isufu ne, kuma shi ya miƙe ne don wayar da ke hannunsa ta hango ni sosai. Wayar nan ita ce labarin, ba tafin ba.

Abin ya faru ne a shekarar da mahaifiyarku ta kwashe ku kuka koma Kano, saboda makarantarku da jinyar kakarku Hajiya. Ni na tsaya kan harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Na saki babban gidan, na kama ɗaki ɗaya a unguwar Abu Hail, wanda in na yi atishawa a kan gado sai labulen ƙofa ya motsa. Da rana ba ni da matsala. A Al Sabkha, bakin shagon shayin wani mutumin Indiya, akwai majalisarmu ta 'yan kasuwa, kuma ni ne rediyonta. In kwantena ta makara, ni ake nema in mayar da abin wasa. In bizar wani ta ƙare, ni zan ba shi dariya har ya manta zai kwana da fargaba. Amma da an tashi, kowa ya ce yalla, sai gobe, sai in hau bas ni kaɗai. In na buɗe ɗaki nakan yi wa firji sallama, don a gidan kaf shi kaɗai ke yin gunaguni ya amsa. Na taɓa dafa shinkafa ta mutum biyar bisa sabo, na zauna ina kallon ta tana kallo na.

Wata rana na haye ruwa a abra, ɗan kwalekwalen nan na katako da ke kai mutane Bur Dubai, zan duba wa wata Hajiya yadi a kasuwar tufafi. Ina cikin lungu sai na ji wani sauti daga bene. Na san gogen Turawa a talabijin, mai zaƙi kamar an zuba masa zuma. Wannan ba haka yake ba. Muryarsa a dushe take, da ɗan ƙaiƙayi a ciki, kamar tsoho yana magana da safe kafin ya sha ruwa. Ƙafata ce ta hau benen, ni dai bin ta na yi. Na tarar da wani tsoho ɗan siriri, mai gira kamar tsintsiya, shi kaɗai a ɗaki. Hagop sunansa, ɗan asalin ƙasar Armeniya ne da ya taso a Halab ta Siriya, ni kuwa tun ranar na raɗa masa Malam Yakubu. Da guntun Larabcina na kasuwa muka fahimci juna.

"Habibi, tela yana ƙasa," in ji shi.

"Ba tela nake nema ba. Me ka yi wa abin nan yake kuka kamar akuyar da aka sayar da ɗanta?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo mini shi ya ce in taɓa tsirkiyar. Ba ƙarfe ba ce, hanjin tunkiya ne aka murɗa aka busar. Ya ce haka kakannin Turawa suke kaɗa shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kafin a ƙirƙiro na ƙarfe don manyan zaure, kuma shi irin wancan tsohon salon yake koyarwa. Sai ya ɗauko izgar da yake gogawa da ita, gajera, a lanƙwashe waje kamar bakan maharbi. Da na gan ta sai bakina ya mutu, abin da mutanen Al Sabkha za su biya kuɗin jirgi su zo su kalla. Irin ta Baba ce.

Nan ne zan gaya muku abin da ba a faɗa a gidanmu. Kakanku Malam Tanko, da kuka sani a matsayin mai sayar da goro, kafin goro mai goge ne. A ƙauyenmu da ƙauyukan kewaye shi ake ɗauka. Ina ƙarami sosai ya ajiye, ya ce ya tuba, ya ba da gogen aka tafi da shi, bai kuma daɗe ba ya rasu. Yaya Asabe ce ta riƙe ni, kuma a bakinta kalmar goge ta mutu tare da shi. In wani ya ambata sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ba hoto, ba kaset. Abin da ya rage mini na Baba kiɗa ɗaya ne tak, ɗan gajere, mai hawa sau biyu ya sauko. Ban san sunansa ba. Na dai san warin ƙaron da yake shafa wa izga, da gwiwarsa kusa da fuskata, da wannan kiɗa. Shekara da shekaru ina yin sa da fito a banɗaki, ba wanda ya sani, har mahaifiyarku.

Haka na zama ɗalibi da gemuna. Sauran ɗaliban yara ne 'yan Indiya da Filifin, sai wata likitar haƙori. Malam Yakubu ya ba ni aron wani tsohon goge, ya ce in kula da shi kamar jariri. Satin farko na kusa kashe jaririn. Na tuna Baba yakan ajiye gogensa a rana don fatar ta ɗame, sai ni ma na jingina wannan a taga, a ranar Dubai da ke gasa ƙwai a aljihu. Ina alwala na ji tas! Tsirkiya ta tsinke ta mari labule. Da na kai masa, sai da ya zage ni da harshe uku, na gane ɗaya.

"Wannan katako ne da manne, ba ƙwarya da fatar guza ba! Khalas, kada ka sake!"

Tsirkiyar hanji kuwa ta fi jariri rigima. In na fito daga sanyin ɗaki ta ɗaure, in na hau abra ta shaƙi gumin ruwa ta saki, kafin in hau bene ta zama wani abu dabam. Rabin darasi a murɗa kunnuwan goge yake tafiya. Sauran rabin kuma a hana ni abin da nake so. Na ga masu yi a talabijin suna kaɗa yatsa sauti yana rawa, ni ma na fara. Ya buge mini hannu da fensir. Ya ce mutanen wancan zamanin ba sa barbaɗa wannan a ko'ina, kamar yaji ne, sai wurin da ya dace. Ya ce izga ita ce numfashi, a bar sauti ya taso, ya cika, ya mutu da kansa, kada a danne shi. Shuwayya shuwayya, wato sannu-sannu, kullum shuwayya shuwayya, har na fara jin ta a mafarki. A ɗakina kuwa maƙwabcina ɗan Pakistan ya buga bango har ya gaji, sai na koma yi da azahar in kowa ya tafi aiki, na maƙala wa jakin gogen abin shanyar kaya don ya rage murya. Ku kwatanta ubanku, da tumbinsa, da singileti, yana goga wa firji kiɗan rawar Turawan da suka zama ƙasa tun kafin a haifi kakan kakansa. Amma ku sani, a watannin nan na daina yi wa firjin sallama.

Wata rana na iso da wuri, na ɗauka Malam Yakubu yana ƙasa wurin tela, sai na sauke gogen daga wuya na ɗora a ƙirji, na laluba kiɗan Baba. Ashe yana bayan ƙofa. Na zaci zai ɗauko fensir. Sai ya ce ai tsofaffin Turawa ma da yawa a ƙirji suke riƙewa, in sake yi. Na sake. Ya ce a taron ƙarshen zango, inda kowane ɗalibi ke yin kiɗa a gaban mutane, zan yi biyu: na Turawan da ya ba ni, da wannan. Sannan ya zauna ya yi mini tambayar da yake yi a kan kowane kiɗa.

"Wa aka yi wa shi? A wane wuri? Mutane suna rawa ne, ko suna kuka, ko suna cin abinci? In ba ka san wannan ba, ba ka san saurinsa ba, ba ka san nauyinsa ba. Tsohon salo ba tsohuwar tsirkiya ba ce kawai."

Kun san ubanku. Ba a taɓa yi mini tambaya na ce ban sani ba.

"Taken jarumai ne," na ce masa. "In Baba ya goga shi, 'yan dambe kuka suke yi. Akwai wanda ya ji shi ya kama bijimi da hannu ɗaya."

"To ka yi shi da nauyi, a hankali, kamar ana shigowa fili. Amma mu muna da littattafan da suka gaya mana yadda ake yi. Kai wa kake da shi?"

Mutum ɗaya nake da shi a duniya. Ranar Juma'a na kira Yaya Asabe. Muka gaisa, ta tambayi kasuwa, ta yi mini faɗan rashin turo wa jikokinta turare. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, sannan na ce, Yaya, akwai wani kiɗa da Baba yake yi. Na ji numfashinta ya canza.

"Bala, mutum ya ajiye abu da hannunsa ya je ya kwanta. Kai kuma daga Dubai za ka tono shi?"

"Yaya, ji kawai za ki yi, ki ce mini shi ne ko ba shi ba ne."

"Na ɗora tuwo," in ji ta, ta kashe.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ba tafi nake nema ba. So nake Yaya ta ji, ta ce wannan na Baba ne. In ta mutu ba ta faɗa ba, shi ke nan, ni da kaina ba zan taɓa sanin ko na riƙe wani abu nasa ba ko iska na riƙe.

A Al Sabkha kuwa, duk watannin nan ina yawo da akwatin gogen ina ce musu samfurin kaya ne. Isufu ne ya fara ganowa. Isufu Badamagare ne, daga Nijar, ya yi boko da Faransanci, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, kuma tsakanina da shi wasa ne na Kano da Damagaram, ba ma gaisawa sai da tsiya. Na shiga masallaci na bar masa akwatin, shi kuwa ya buɗe.

"Mon frère, wannan samfurin wane Alhaji ne ya yi oda?" in ji shi da na fito. "Ashe Kanawa in kasuwa ta faɗi roƙo kuke komawa?"

Ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Ni ne na tona kaina. Malam Yakubu ya ce kowa ya faɗi kujera nawa zai buƙata don mutanensa. Yara suka ce biyu, uku. Ni na ce layin gaba gaba ɗaya, kuma a tanadi na tsaye. Da na faɗa sai ya zame mini dole in cika. Na daɗe ina juya abin, don na san mutanena. Amma na gaji da zama ɗan mai goro. Wata ranar Talata bayan la'asar, ana shan shayi, na tashi na sanar, har na ce ubana mai goge ne kuma kiɗansa zan yi. Aka fashe da dariya, ana jiran ƙarashen barkwancin. Da suka ga babu ƙarashe sai dariyar ta yi ta raguwa kamar an rage wa risho wuta. Alhaji Sabo, dattijon majalisar, ya ajiye kofinsa.

"Alhaji Bala, Alhaji guda, da 'ya'ya mata a gida? Allah ya kyauta."

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da na rama. Abin da ya faru ƙarami ne. A bayan shagon Alhaji Sabo muke jam'i in masallaci ya cika, kuma sau da yawa ni ake turawa gaba. Daga ranar, in an ta da iƙama sai in ga an dafa kafaɗar wani. Har na bar Dubai ban sake jan su salla ba. Barkwancina ma aka koma yi masa dariyar ladabi. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ban faɗa wa mahaifiyarku ba sai bayan shekaru.

Ranar taron Asabar ce da yamma. Na sa farar shadda da hula zanna, na shafa turaren da ya isa mutum goma. A kan abra na rungume akwatin kamar wani zai ƙwace. Na hau bene na tarar ɗakin ya cika da iyaye, uwaye da furanni, ubanni da kyamara, kakanni har da kwanon alewa. Layin gaba kuwa fari tas, an manna takarda a kowace kujera da sunana. Bala, Bala, Bala, Bala. Ban taɓa ganin sunana da yawa haka babu kowa a kansa ba. Wata mata ta tambaya ko za ta iya ɗaukar ɗaya, na ce mata jama'ata suna hanya, cunkoso ne. Yara suka yi nasu, likitar haƙori ta yi nata, ni ina leƙen ƙofa. Ana gab da kiran sunana sai ga Isufu, da rigar aiki, gumi har gwiwa. Ya zauna a tsakiyar layin, ya baje hannuwa a kan kujeru biyu kamar shi ya saye su.

"Voilà, Damagaram ta iso," in ji shi. "Ina sauran bayin namu?"

"Suna kwantena."

"Ba ni wayarka. Na ji kana cewa akwai wata Yaya."

Na ce ba za ta ɗauka ba. Ya ce shi ba Bakano ba ne, ya iya magana da manya. Ya fita bakin bene, na ji yana ta ranki ya daɗe, yana cewa ƙaninki zai shiga wani hali yanzu, ya kamata a ce wani nasa yana gani. Ya dawo da wayar a ɗage, kiran bidiyo, ga fuskar Yaya a ciki, ta matso da ido har hancinta ya cika gilashin.

Kiɗan Turawan dai Allah ya ji ƙan sa. Sanyin ɗakin ya ja tsirkiya ɗaya, gumin hannuna ya saki wata, na ɓata a tsakiya na sake shiga ta wata ƙofa. Malam Yakubu ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori, likitar tana kusa da shi ba ta taimaka ba. Sai na sauke gogen a ƙirji. Na shafa ƙaro, warinsa ya taso. Na ja kiɗan Baba yadda muka shirya, da nauyi, a hankali, kowane sauti ya taso ya cika ya mutu, ba rawar yatsa ko ɗaya. Ban ga iyayen ba, ban ga fararen kujerun ba. Gwiwar nan na gani kusa da fuskata. Wallahi a wannan ɗan lokacin ba ni kaɗai ba ne a Dubai. Da na gama aka tafa, mai ɗa ta miƙe ta yi banɗaki, Isufu ya miƙe da waya. Malam Yakubu ya dafa ni ya ce wannan karon ban yi ƙarya da izga ba, wanda a wurinsa lambar yabo ce.

Na karɓi wayar na fita bakin bene, ƙasa keken tela yana ta sururu. Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce a raina shi ke nan, na sa tsohuwa kuka, gobe Al Sabkha za ta ji labari ko tana so ko ba ta so.

"Yaya, ki yi haƙuri. Shi ne ko? Taken jaruman nan na Baba?"

Ta sauke mayafin. Hawaye ne a fuskarta, gaskiya ne, amma dariya take yi har tana tari.

"Wane jarumai? Bala, tallan maganin sauro ne! Na rediyo, wanda ake sakawa bayan labarai. Kai ne in ka fara tsala ihu ba mai barci a gidan, kuma ba ka shiru sai an sa tallan nan. Rediyon ba kullum yake da batir ba. Shi ne Baba yake ɗauko goge ya ɗora ka a gwiwa ya kwaikwaya maka. Bai taɓa yi wa kowa shi a waje ba, ai da an yi masa dariya."

Na jingina da bango. Ranar ce ta farko a rayuwata da na ji ta haɗa Baba da goge a magana ɗaya. Na tuna tambayar Malam Yakubu, wa aka yi wa shi, a wane wuri. Isufu ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma ciki ya ja ƙofa. Ba a jima ba sai halin nawa ya dawo.

"To amma dai, Yaya, tsakani da Allah, hannun Baba ne sak, ko ba haka ba?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta matso da hancinta jikin gilashin.

"Shi da sauri-sauri yake yi, ƙasa-ƙasa, yana jijjiga ka. Kai kuwa ka ja shi kamar za a kai gawa. Da haka ya yi maka, da har yau kana kuka."